Sulhun da Na Ƙi Yi a Shinkafi

Bilki, Nasiru, da ke Ummi auta, na san kun tashi kuna jin ana jifana da wani suna a bayan ido, kuma ba wanda ya taɓa samun ƙarfin halin tambayata a cikinku. Ke Bilki har dambe kika yi a islamiyya don wata ta ce uwarki ce mai zubar wa mata ciki, kika dawo da yagaggen hijabi kika ce mini ƙusa ce ta kama shi. Ƙusa! Sai ka ce ban san yagar ƙusa ba. To yanzu da na ajiye aiki, ciwon gwiwa kuma ya zaunar da ni wuri ɗaya, bari in ba ku labarin shekarar nan da bakina, kada ku tsince shi a bakin wanda ko ƙofar ɗakin haihuwa bai taɓa leƙawa ba.

A lokacin ina ungozoma a wani asibiti a nan Kaura Namoda, na fi shekara ashirin ina karɓar haihuwa. Akwai wata al'ada da na tarar ana yi, ni ma na bi ta ban taɓa tambayar dalili ba: ba a yi wa mace babban aiki sai mijinta ya sa hannu a takarda. Ba a rubuce take a bango ba, ba kuma wanda ya taɓa buɗe mini littafi ya ce ga dokar. Tsoro ne kawai. Likita na tsoron miji ya dawo ya kai ƙara, mu muna tsoron likita, dangin miji kuwa in ka miƙa musu biro sai su ja da baya kamar garwashi ka miƙa musu. Shekarar da ta gabaci wannan, wata mata daga Ɗan Isa ta yi kwana biyu a kan gadonmu jini na zuba, ana jiran mijinta da ya tafi cin rani kudu. Ya iso, amma jana'iza ya tarar. Ni na rufe mata ido, ni na naɗe takardar da ba a sa wa hannu ba na mayar cikin fayil. Tun daga ranar nake jin haushin kaina, kuma duk wanda ya zauna da ni ya san in haushi ya kama ni ba ya saurin sakina.

Sai ga Hadiza, ana tsakiyar damina. Matar wani mai fataucin shanu ce a Jangeru, sunansa Mamman. 'Ya'yanta uku, duk mata, ga ciki na huɗu ya shiga wata na huɗu. Ruwa ya fashe mata tun kwana biyar da suka wuce ta yi shiru, don kunya da kuma zaton abin zai lafa. Lokacin da aka shigo da ita wajen hantsi jikinta ya yi zafi rau, tana karkarwa, kuma tun daga bakin ƙofa hancina ya gaya mini cuta ta shiga mahaifa. Mutum biyu suka kawo ta: uwarta, Inna Jummai, wadda ta taso daga Dauran, da ƙanen mijin, Sule. Shi Mamman ya tsallaka Nijar da shanu, an buga wayarsa har an gaji ba ta shiga.

Likitan da ke wurin yaro ne mai bautar ƙasa, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, don haka ni ce bakinsa. Ya duba ta, ya yi hoton ciki, ya ja ni gefe. Ya ce ruwan da ɗan ke kwance a ciki ya tsiyaye sarai, ko an bar shi ba zai rayu ba, in kuma ba a cire shi yau ba gubar za ta bi jininta. Ba zan ɓoye muku ba, a hoton nan zuciyar ɗan tana bugawa. Na gani da idona. Ya ce shi a shirye yake, a kawo masa takarda da hannu a kai.

Na fita baranda na miƙa wa Sule biro. Ya mayar da hannuwansa baya.

"Sista, ni hwa ba ni sa hannu. Cikin ga ba nawa ba ne. In Yaya ya dawo yac ce wa ya ba ka izni, mi za ni ce mai?"

Na ce, "In ya dawo ya tarar da gawa fa, me za ka ce masa?"

Ya ce, "Wannan kuma ikon Allah ne, ba wanda za ya tuhume ni."

Wallahi da ba don farin kayan da ke jikina ba da na gaya masa maganar da ba zai manta ba. Na juya wajen Inna Jummai. Tsohuwa tana kuka, ta ce ita ta haife ta, amma tun da aka ɗaura aure ba ta da ta cewa. Na tsaya a barandar nan da takarda a hannu, sai na ga ashe an tambayi kowa ban da mai cikin. Na koma ciki, na sa Inna ta tsaya a kanmu, na durƙusa daidai kunnen Hadiza na yi mata bayani dalla-dalla, ban rage komai ba.

Ta ce, "Sista, in an bar shi za ya rayu?"

Na ce, "Ba zai rayu ba."

"Ni hwa?"

Na ce, "Rai na hannun Allah. Amma irin wannan na sha gani, in aka bar ki haka ba na jin za ki kai jibi."

Ta rufe ido har na zaci ta suma. Can ta buɗe ido ta ce ƙaramarta ko wata uku ba ta yi da yaye ba. Sannan ta ce, "A hidda shi."

Na ɗauko tawada, ta miƙo babban yatsanta da kanta, ta dangwala. Likita ya dubi takardar, ya dube ni, ya wanke hannu. Kafin la'asar an gama. Kwananta takwas a wurinmu, ran na tara ta taka da ƙafarta ta shiga mota. Ni a ganina magana ta ƙare ke nan.

Bayan wata guda sammaci ya same ni a wurin aiki. Mamman ya dawo, kuma kafin ya isa gida an tare shi a kasuwa an gaya masa wai namiji ne aka zubar masa, wai wata ungozoma ce ta yanke hukunci a gidansa yana daji. Ba zan ce muku mugun mutum ba ne. Mutum ne da aka yi wa dariya a gaban abokan cinikinsa, kuma ya daɗe yana roƙon ɗa namiji. Ƙarar da ya shigar ta ce matarsa ba ta cikin hayyacinta, ni na kama yatsanta na danna. Likita ya riga ya gama bautar ƙasa ya koma garinsu. Manyan wurin aikinmu kuwa kowa ya ɗage kafaɗa, ɗaya ma ya ce mini ni na jawo wa kaina. Aka ɗauke ni daga ɗakin haihuwa aka mayar da ni wajen allurar rigakafi har sai an gama shari'a.

Zaman farko ni da babanku kaɗai muka je, ya ɗauke ni a bayan babur. Aka karanta ƙara, na ce ban amsa ba, aka ɗage. Da muka fito sai na ga mata bakwai zaune a gindin dalbejiya, duk ungozomomin gargajiya ne da na taɓa koya wa wanke hannu da yankan cibi. Babbarsu, Iya Hassi, ta ce labari ya iske su, sun zo su ga wanda zai ɗaure ni. Nan gindin bishiyar kowacce ta fara kawo sunan matar da ta mutu a hannunta ana jiran mai gida. Ba mu tashi ba sai da muka yi shawara cewa abin nan ya wuce batuna ni kaɗai.

Haka muka fara yawo. Ba mu da suna, ba mu da ofis, ba mu da ko allo. Ran da ba ni da aiki mu hau mota mu nufi ƙauyukan Zurmi ko na Shinkafi, lokacin hanya ba ta lalace kamar yanzu ba. Mu yi sallama da mai unguwa, mu nemi liman, mu faɗi abu ɗaya: in ciki zai kashe mace, a bar ta ta yarda da bakinta a cece ta, kuma wadda ta zo da ɓari a fara tsayar mata da jini kafin a fara yi mata tambayoyi. Wani liman ya saurare mu har ƙarshe ya ce zai duba littafi. Wani ko tabarma bai sa an shimfiɗa mana ba. A wani gari mata 'yan'uwanmu ne suka fi zaginmu, wata ta ce mu ne za mu koya wa 'yan mata lalata. Na ce mata, baiwar Allah, matar da nake magana a kai 'ya'yanta uku da aurenta. Ta ce ita dai ta faɗi.

Duk ranar zaman kotu matan da ke gindin dalbejiya sai ƙaruwa suke yi, har masu kai ƙara suka yi kuka cewa muna tara wa shari'a jama'a. Alƙali ya ce kada ya sake ganin taro a ƙofarsa, kuma a daina kiran mutane kan maganar da ke gabansa. Muka ce mun ji. Iya Hassi ta ce ai ba wanda ya hana zuwa suna. Daga nan duk gidan da aka haihu muna can, ana rabon goro da fanke muna tsakar gida muna hira da mata. Wa zai kori ungozoma daga gidan suna?

Ana cikin haka yayana ya aiko kirana. Kawunku Malam Sanusi ke nan, wanda ya gaji zauren karatun babanmu a Zurmi. Tun muna yara ba na musu da shi. Na same shi bayan ya sallami ɗalibai, na durƙusa na gaishe shi. Ya ce ya gaji da jin sunan gidanmu a bakin 'yan tasha. Ya ce ya yi magana da wani dattijo a Shinkafi wanda Mamman ke jin nauyinsa, an shirya sulhu. Abin da ake so kaɗan ne: in tsaya gaban dattawa in ce na yi kuskure da ban jira mai gida ba, shi kuma ya janye ƙara.

Na ce, "Yaya Malam, kai da kanka, a karatunka na yi laifi?"

Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Rabi, in lalura ta kai haka, ran uwa aka hwara dubawa. Wannan ba ni da ja. Amma kalma guda ce anka nema gare ki, ki ba mutumin ga girmanshi ki huta."

Na ce in na ce kuskure ne, gobe wace ungozoma ce za ta sake miƙa wa mace tawada?

Sai ya ce akwai abin da ban sani ba. Alƙali ya ce a zama na gaba yana son ya ji daga bakin Hadiza. Shi kuwa Mamman ya rantse in ta taka ƙofar kotu ta tsaya gaban maza ta ƙaryata shi, to a bakin aurenta. In an yi sulhu, ba mai kiranta.

Ku lura da wannan, don a nan maganar take. Na san da rantsuwar nan kafin in tafi Shinkafi. Ba zan ce ban sani ba. Da na dawo gida na ba babanku labari, yana gyaran fitilar babur, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ki je ki ji ta bakin yarinyar tukuna." Na ce to. Ban je ba. Na gaya wa kaina ba za a bar ni in shiga gidan ba, na gaya wa kaina Mamman barazana kawai yake yi. Gaskiyar ita ce ina tsoron abin da za ta ce mini.

Ranar kasuwar Shinkafi aka yi zaman, bayan azahar, a zauren dattijon. Maza tara a kan darduma, ni aka shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofar shiga gida. Mamman ya rame, ko sau ɗaya bai dube ni ba. Dattijo ya yi addu'a, ya yi nasiha mai daɗi, sannan ya ce Malama Rabi tana da magana. Har ga Allah na shiga zauren nan ban gama yanke shawara ba. Na buɗe baki ke nan sai Sule ya ce, yadda kowa zai ji, a gaya mata ta ɗaga murya, don sauran matan da take zugawa su san mai gida shi ke da iko da abin da ke cikin matarsa, ko da rai ko ba rai.

Nan take zuciyata ta tafasa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina ba Malam Mamman haƙuri kan ɗan da ya rasa, don na san zafin rashi. Amma ban yi kuskure ba. In an sake kawo mini wata gobe, haka zan yi."

Yaya Malam ya miƙe, ya sa takalmansa, ya fita. A motarsa na zo, a motar haya na koma. Daga ranar har Allah ya karɓi ransa gaisuwa ce kawai tsakaninmu, bai sake shan ruwan gidan nan ba. Na sha tambayar kaina nawa ne na gaskiya a maganar da na yi, nawa ne na zuciya. Har yau ban iya raba su ba.

Aka kira Hadiza. Ta shigo kotu da hijabi har ƙasa, Inna Jummai na riƙe da hannunta. Matar da ba ta taɓa ɗaga murya gaban surukinta ba, yau ga ta gaban alƙali da maza cike da benci ana tambayarta batun cikinta. Alƙali ya ce ta matso, ya tambaye ta ko tana cikin hankalinta ranar. Sau biyu yana maimaitawa kafin a ji ta.

Ta ce, "Ina cikin hankalina. Sista ta gaya mini komi. Ni nic ce a hidda shi."

Ya ce ko an danna mata yatsa da ƙarfi?

Ta ce, "Ni nim miƙa."

Bayan zama biyu alƙali ya kori ƙarar. Mata suka bi ni gida da guɗa, Iya Hassi har da rawa a tsakar gidan nan, ke Ummi kina goye a bayan Bilki kina dariyar abin da ba ki sani ba. Na yi murna, ba zan yi ƙarya ba. Aka mayar da ni ɗakin haihuwa, kuma daga ranar a ɗakinmu dai ba mu sake barin mace tana zubar da jini ana jiran mota daga kudu ba. Akwai matan da nake gamuwa da su a kasuwa yanzu da jikokinsu, na san da takardar nan aka jira da ba su nan. Wannan ba na nadamarsa, ko yau aka tashe ni daga barci haka zan ce.

Sai bayan mako biyu na ji cewa tun ran da Hadiza ta yi magana a kotu takardar saki ta riga ta isa gida. Ta koma Dauran wajen uwarta. 'Ya'yan uku an riƙe su a Jangeru.

Na ɗauki wata guda ina kewaye-kewaye kafin na iya zuwa. Ana sanyin hunturu na same ta a tsakar gida tana matse ƙuli, hannunta duk mai. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa kamar ba komai. Na ce mata shari'a ta ba ta riƙon 'ya'yanta, musamman ƙaramar, in ta yarda gobe-goben nan mu shigar da ƙara, mata na bayanta.

Ta ce, "Kotu kuma? A'a, Sista. Ta ishe ni."

Na ce ta yafe mini.

Ta ci gaba da matsa, mai na ɗiga cikin kwano. Ta ce, "Raina kinka ceta, ba ni mance wannan har in mutu. Kuma ko an sake kirana abin da nic ce shi za ni ce, don shi ne gaskiya. Amma an gaya mini an yi zama Shinkafi. An ce da kin hwaɗi kalma guda da ba a kira ni ba."

Na ce haka ne.

Ta ce, "Wataƙila da kin zo da na ce kada ki hwaɗa. Ban sani ba. Amma ba ki zo ba. Shi ya yanke nashi, ke kin yanke naki, ni ina ɗaki ina jiran in ji."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har na kasa shan ruwan da ta kawo. Da na tashi tafiya ta ƙulla mini ƙuli a leda, ta rako ni bakin zaure. Ta ce tun da ina yawon ƙauyuka, in na bi ta Jangeru in duba mata ko ana yi wa ƙaramar kitso, don ba ta yarda kowa ya taɓa mata kai sai ita.

Na je a makon. Na tsaya a ƙofar gidan na yi sallama sau uku, aka leƙo aka gan ni aka koma. Ina juyawa sai na hangi yarinyar zaune a dakali tare da yayarta, kan nan ya cukurkuɗe ya yi ja, ƙura ta daskare a ciki. Na kira sunanta ta ɓuya bayan yayar.

Da na koma Dauran, tun kafin in zauna Hadiza ta tambaye ni. Na ce mata an yi. Ta ce wane iri? Na ce shuku ne, ya yi mata kyau.